Shofaj ya mutu mini a hanyar Agadas, da me kuke korar ɗari cikin mota?

Direban_Tanut:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawarar manya nake nema. Ran Talata na taso daga Damagaram da lodin gero za ni Agadas. Mun wuce Tanut lafiya, mun wuce Adarbisanat, sai tayar baya ta fashe wajen ƙarfe goma na dare, wadda muke riƙe da ita kuma ashe iskarta ta sace. Dole muka kwana a wurin. Na kunna shofaj, wato abin ɗumama cikin mota, fanka tana juyawa amma iskar da take hurowa kamar daga firij. Bargo ɗaya gare ni, yaron motata kuwa daga shi sai wata 'yar rigar sanyi shara-shara. Wajen ƙarfe uku haƙorana har haɗuwa suke. Ƙarshe dai yaron ya hura gawayi a murhun shayinmu, muka shigo da shi kabin muka ɗage gilasai. Ɗumi kam ya samu, amma da asuba na tashi da ciwon kai kamar ana sara mini gatari, shi kuma yaron ya yi amai. Mako mai zuwa zan sake hawa, mai mota ya ce babu maganar gyara sai an dawo. Ku da kuke kwana a wannan hanya cikin hunturu, yaya kuke yi?

Ɗan_Birni:
Wa alaikumus salam. Sannu da wahala. Amma malam, Allah ne kawai ya sa da sauran shan ruwanka a duniya.

Malamar_Asibiti:
Innalillahi. Direban_Tanut, don Allah kar ka sake, ko da wasa. Ciwon kan nan da aman yaron ba na sanyi ba ne, guba kuka shaƙa. Gawayi in yana ci a wurin da aka rufe yana fitar da wata iska da ake kira kabon monoksaid. Ba ta da wari, ba ta da launi, ba ta sa tari balle mutum ya farga. Jini yana kama ta fiye da yadda yake kama iskar da muke rayuwa da ita sau fiye da 200, shi ya sa kaɗan ma ta isa. Farko ciwon kai, sai jiri, sai tashin zuciya, sai jiki ya mutu, sai barci mai daɗi. Daga wannan barcin ne ba a tashi. Duk sanyi sai mun karɓi irin wannan, yawanci ma daga gidaje ne, an kai kasko ɗaki an rufe ƙofa da taga. To ɗaki ma kenan, ina ga kabin da bai fi rabin shago ba? In har yanzu kai ko yaron kuna jin kai ko mantuwa ko kasala, ku je a duba ku. Wanda kuma aka tarar ya galabaita, a fito da shi sarari nan take, a kai shi inda za a sa masa iskar asibiti, kar a tsaya ba shi nono ko yayyafa masa ruwa.

Direban_Tanut:
Malama na gode. Kan ya sake ni tun jiya, yaron ma ya warware. Wallahi na ɗauka mura ce ke son kama mu.

Sarkin_Gudu_Zango:
Ni fa ina ganin ana zuzuta abin. Shekara nawa muna dafa shayi cikin kabin? In gawayin ya riga ya zama garwashi, ja zur, babu hayaƙi, ai shi kenan. Hayaƙin ne ke da illa.

Malamar_Asibiti:
Sarkin_Gudu, wannan maganar ita ce take kashe mutane. Hayaƙi ma gata ne, don shi yana sa ka hawaye ka buɗe taga. Garwashin da ya yi ja ba hayaƙi yana nan yana fitar da gubar shiru. Shayin da kake dafawa kana farke ne, ƙofa a buɗe, minti ashirin an gama. Ba ɗaya ba ne da mutum ya rufe ko'ina ya kwanta.

Baba_Mai_Dis_Ru:
Yarinyar nan gaskiya ta faɗa muku. Ni da idona na gani, ba labari ba. Wata shekara muna kwance a tasha muna jiran lodi, da safe aka ga wata mota ba a buɗe ba har hantsi. Aka ƙwanƙwasa shiru. Da aka fasa gilas, direba da yaronsa suna kwance kamar masu barci, murhun yana tsakaninsu, toka ta huce. Ni na kama aka sauko da yaron. Tun ranar ko ashana ba a ƙyasta mini cikin kabin da dare.

Amma bari in ba ku yadda muka yi a zamaninmu, don mu motocin da muka fara ja ba su san wani abu shofaj ba. Lokacin da aka gama kwaltar Tawa zuwa Arlit muna samari, kuma kafin nan rairayi muke bi. Buzaye masu ayarin gishirin Bilma muka gani muka koya. Da magariba za ka dubi inda iska ke fitowa, a hunturu ai daga gabas maso arewa take, sai ka tsayar da mota ta tare maka ita, ka sauka ta ɗaya gefen. Ka ɗaura tamfol daga jikin bodi zuwa ƙasa, ka danne bakinsa da rairayi. Sai ka tona ɗan rami nesa da tankin mai, ka hura wuta, ka yi girkinka da shayinka. In za a kwanta, ka baje garwashin, ka rufe shi da rairayi mai kauri kamar tsawon tafin hannu, ka jira ɗumin ya ratso, sannan ka shimfiɗa tabarma a kai. Har asuba bayanka yana jin ɗumi. Abin da yara ba su gane ba, ƙasa ta fi iska shan ɗumin jikin mutum. Bargo biyu gare ka, ɗaya a ƙasa ɗaya a sama, ba duka a sama ba. Kuma rawani ba ado ba ne. Ka naɗe kai da wuya da kunne, ka ga ko ba ka yi barci ba.

Ɗan_Birni:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Irin wannan ba a samunta a makarantar koyon tuƙi.

Na_Hanyar_Dirku:
Baba, dabararku tana nan daram, amma zamani ya canza. Yanzu wuta da dare a daji kamar ka ɗaga tuta ne ka ce ga ni nan. Wasu wuraren ko fitilar waya ba ma so a haska. In muna cikin ayari da rakiyar soja, inda aka ce a tsaya nan ake tsayawa, kuma ba kullum ake yarda a hura wuta ba. Sannan ɗarin da Direban_Tanut ya ji a Adarbisanat, Allah ya ba shi haƙuri, wannan ɗan uwan ɗari ne. Ka zo Kawar, yankin su Dirku da Bilma, a watan Janairu. A Bilma an taɓa auna sanyi ya sauka ƙasa da sifiri. Da rana ka cire riga, da dare ruwan buta ya gagari hannu.

Baba_Mai_Dis_Ru:
Haka ne ɗana, maganar tsaro ban musa maka ba. Mu a lokacinmu abin tsoro kunama ce kawai da ɓatan hanya.

Kanike_Garin_Malam:
Duk kun tafi maganar bargo da rairayi kun bar motar. Direban_Tanut, ka ce fanka tana juyawa amma iskar sanyi ce. To matsalar ba ta wuta ba ce, bar maganar fiyus. Shofaj ba wani abu ba ne illa ɗan ƙaramin radiyato da ke ɓoye cikin tabulo, wato allon gaban direba. Ruwan inji mai zafi yana bi ta cikinsa, fanka ta hura iska ta jikinsa zuwa kabin. In iska ta fito da sanyi, ruwan zafi ne bai isa wurin ba.

Ga gwajin da za ka yi da kanka ba ka biya kowa ko dala ba. Ka bar inji ya yi zafi sosai, ka murɗa shofaj zuwa ƙarshe, ka ɗaga murfin gaban mota, za ka ga tiyo biyu sun shiga kabin. Taɓa su a hankali. In ɗaya da zafi ɗaya da sanyi, ɗan radiyaton ya toshe, kuma yawanci ruwan rijiya ne da muke ɗurawa, kanwa da gishirinsa su daskare a ciki. In duka biyun da zafi, to ƙofar da ke karkatar da iska ce ta maƙale ko wayarta ta tsinke. In duka biyun ɗumi-ɗumi ne ko sanyi, duba ruwa ko ya yi ƙasa, amma kar ka buɗe murfin ruwa inji yana da zafi, zai wanke maka fuska. In ruwa ya cika, to ina kyautata zaton an cire wa motar termosta. Wata motar ma za ka tarar an haɗe tiyon biyu da guntun bututu tun ranar da ɗan radiyaton ya fara yoyo, an zagaye shi gaba ɗaya.

Tambaya ɗaya: allurar zafi ina take tsayawa in kana tafiya da dare?

Direban_Tanut:
Maigida, da dare ko kusa da tsakiya ba ta zuwa. Tana ƙasa-ƙasa, wajen digiri 60. Ni har murna nake ina cewa motar ba ta zafi.

Kanike_Garin_Malam:
To ka ji. Ba abin murna ba ne. Babu termosta a motarka, ko kuma ta maƙale a buɗe. Aikinta ta tare ruwa cikin inji har ya kai wajen 80 sannan ta sake shi zuwa babban radiyato. In babu ita, ruwa yana ta zagaye tun inji bai ɗumama ba, ga iskar hunturu tana bugun radiyato, yaushe zai yi zafi? Injin da ke aiki da sanyi ya fi shan gazuwal, ya fi hayaƙi, kuma ya fi saurin cinyewa.

Sarkin_Gudu_Zango:
A nan kam ban yarda ba. Termosta ta ƙasar Turawa ce, inda ƙanƙara ke zuba. Mu da muke ganin zafin digiri 45 a watan Afrilu da Mayu? Ka bar ta a ciki ta maƙale maka a rufe tsakanin Gure da Maine, kan inji ya ƙone, wa zai biya? Sanyinmu duka wata biyu ne zuwa uku. Ni duk motar da aka ba ni, abin da nake fara cirewa kenan.

Kanike_Garin_Malam:
Motar da ke zafi da termosta mai lafiya a ciki, radiyatonta ne ya toshe ko fankarta ta gaji. Cire termosta kamar mai zazzaɓi ne ya fasa abin awo ya ce ya warke. Amma na san ba zan canza maka ra'ayi ba, shekara nawa muna wannan gardamar da kai a gareji.

Mai_Siterni:
Ni dai duk wannan dabarar wuta ba ta shafe ni ba. Mu masu ɗaukar mai daga SORAZ, matatar man Damagaram, ko sigari ba a kunnawa kusa da mota, balle gawayi. Mutum yana kwance kan lita dubbai na isansi zai hura murhu? Kuma siterni da aka sauke ta fi mai cike haɗari, don tururin man yana ciki. Abin da nake yi: in na tsaya wurin mai shayi da magariba, sai in ba shi ɗan wani abu ya tafasa mini ruwa, in cika bidon biyu na lita biyar, irin mai kauri. Ba tafasasshe tsantsa ba, ina sirkawa kaɗan don kar robar ta yi laushi. In ɗaure bakin da kyau, in naɗe kowanne da tsohon zane, ɗaya wajen ƙafa ɗaya a ciki. Wallahi har asuba da ɗumi, kuma da ruwan nake alwala. Sai kwali. Ina da kwalaye da na yanka daidai gilashin gaba da na gefe, in zan kwanta in jera su, in ja labule. Kabin ƙarfe ne da gilas, ta gilas ɗin nan ɗumi ke gudu. Wani kwalin kuma ƙarƙashin katifa.

Ɗan_Kwari_Kano:
Mai_Siterni ka burge ni. Amma ku Damagarawa akwai son wahala. Mu nan akwai 'yar hita da ake soka wa a wurin kunna sigari, ba ta da tsada, ka soka ka kwanta abinka.

Mai_Batir_Sabon_Gari:
Bakano, ka soka ka kwanta, da safe kuma ka nemo mutum ashirin su tura maka tirela. Lissafin ba wuya. Babbar mota batir biyu ne masu volt 12, sun zama 24. Hitar da ke cin wat 300 tana jan amfiya 12 da rabi. Awa takwas ta sha amfiya 100 kenan. Batir sabo ma ya ji a jikinsa, ina ga namu da ya shekara biyu yana shan rana? Ga shi sanyi yana rage wa batir ƙarfi, man inji kuma ya yi kauri, wato lokacin da sitata ta fi neman wuta shi ne lokacin da babu. Kuma ɗumin da take bayarwa bai wuce ta gasa maka gwiwa ɗaya ba. Na canza wa mutane wayoyin da suka narke saboda ita ba sau ɗaya ba.

Ɗan_Kwari_Kano:
To na janye. Amma ku yarda bargon da kuke rufa da shi daga Kwari ya zo.

Ɗan_Birni:
Bargon ne kawai, sanyin namu ne na gado.

Karen_Mota_227:
Ku yi haƙuri manya in sa baki. Kowa yana maganar direba, ba wanda ya tambayi mu yaran mota. Direban_Tanut ma Allah ya saka masa, ya bar yaronsa ya kwana cikin kabin. Ni maigidan da na fara bi, shi yana kan gado a ciki ya ja labule, ni ina saman lodi ko ƙarƙashin mota, wai ina gadin gazuwal da batir. Akwai daren da muka kwana kusa da dutsen Tigidit, na shiga tsakanin buhuna na ja tamfol, da asuba ya ce in sa waigi in duba taya, yatsuna suka ƙi lanƙwasuwa. Ya ce ragwanci ne. Buhun da ba kowa a ciki na huda na sa kamar riga. Yanzu alhamdu lillahi na canza maigida, amma yara da yawa haka suke kwana.

Baba_Mai_Dis_Ru:
Ɗana, ka faɗi abin da ya kamata mu manya mu faɗa. Dukanmu daga karen mota muka fara. Direban da ya manta daren da ya kwana kan tamfol bai yi wa kansa adalci ba. Kuma ko don kansa, mutum biyu a kabin sun fi mutum ɗaya ɗumi. Sai dai maganar kwana ƙarƙashin mota, a bari. An sha tayar da mota da asuba an manta da yaro a ƙasa.

Sarkin_Gudu_Zango:
Baba, in yaro bai kwana waje ba wa zai ji motsin ɓarayin mai? Mu ma haka aka yi mana, ba mu mutu ba.

Maman_Yara_Karkada:
Sarkin_Gudu, da ɗanka ne za ka faɗi haka? Ni matar direba ce, shekara goma sha ɗaya ina haɗa jakar tafiya. Da sanyi ya kama nake zuwa kasuwar Dole wajen 'yan bosho in zaɓo riguna masu kauri, nasa da na yaron motarsa. Abin da na lura, rigar sanyi ƙatuwa guda ɗaya ba ta kai sirara uku da aka jera ba. Sai hula mai rufe kunne, safar ƙafa biyu, ɗaya ta kwana kawai wadda ba a yini da ita, don wadda ta sha gumi da rana ita ke sa ƙafa ta yi ƙanƙara da dare. Ina sa masa dabino, ƙuli-ƙuli, garin kunu da citta da kanumfari, da man kaɗe saboda faso da leɓe. In ya ƙi ci ya kwanta da yunwa, shi ya sani. Mai ciki wofi ba bargon da ke ɗumama shi.

Direban_Tanut ka yi aure ne? In ka yi, a nuna wa amarya wannan saƙon.

Direban_Tanut:
Hajiya, ana kan nema. A taya mu da addu'a.

Ɗan_Kwari_Kano:
Mene ne kuma bosho? Gwanjo kuke nufi?

Ɗan_Birni:
Shi fa. Ka zo mu koya maka Hausa.

Alhaji_Mai_Motoci:
Na karanta duka, kuma na ga ana harararmu mu masu motoci. Bari in faɗi namu ɓangaren. Da yawan direbobi maganinsu ɗaya ne, su bar inji yana aiki har safe. Babbar mota a tsaye tana shan lita biyu zuwa uku a awa. Dare ɗaya wajen lita 20 kenan. Ko a farashin sefa 618 kowace lita da aka mayar da gazuwal a 2024, ya haura jika goma sha biyu, a dare ɗaya. Direba ya dawo ya ce mai bai isa ba, ni kuma in ce an sayar. Daga nan rigima. Jika goma sha biyun nan bargo nawa za ta saya?

Amma laifinmu da na yarda da shi: yawancin motocin nan da ake kawowa daga Turai suna zuwa da hitar kwana, wadda ake ce wa Webasto, mai aiki ba tare da an tayar da inji ba. Gazuwal take sha daga tanki, dare guda bai fi lita ɗaya zuwa biyu ba. Mu kuma ba mu kula da ita, wasu ma ba su san tana ƙarƙashin gadon ba. Ni sai da wani direbana ya nuna mini.

Kanike_Garin_Malam:
Alhaji ya taɓo wuri. Mai irin wannan hitar ya kunna ya saurara. In lafiya take za ka ji fanka, can kuma ka ji ɗan famfon mai yana tak, tak, tak daga wajen shasi. In ba ka ji ba, famfon ne ko wayarsa. In ta kama ta mutu, yawanci bujinta ne ko toka ta cika ta, ko batir ya yi ƙasa, don da kanta take kashe kanta kar ta shanye wuta. Abin da ke lalata ta a nan zama ne, wata tara ba a kunna ba ga ƙura. Ko a bazara a riƙa kunna ta minti goma a wata. Amma a duba bututun hayaƙinta, ya zama waje yake fitarwa kuma bai huje ba. In ya huje, mun koma maganar Malama.

Malamar_Asibiti:
Haka ma barin inji a kunne. In salansa tana yoyo ko iska tana maido da hayaƙi kabin, haɗarin yana nan. A bar gilas a ɗan sauke ko yatsa biyu. Sannan tunda Hajiya ta kawo maganar abinci, bari in ƙara wadda ba a so a faɗa. Masu shan tramol ko giya wai don sanyi, yaudarar kai ce. Giya tana buɗe jijiyoyin fata, ka ji ɗumi a sama alhali zafin cikin jikinka fita yake. Tramol kuma yana sa mutum bai san halin da jikinsa ke ciki ba, ga jijjiga da yake kawowa. In kun ga wanda yake rawar ɗari ya daina rawar ba tare da ya ɗumama ba, magana tana harɗewa, yana neman barci, wannan ba sauƙi ya samu ba. A cire masa duk abin da ya jiƙe, a lulluɓe shi, a ɗumama ƙirji da ciki tukuna, in yana iya haɗiya a ba shi abu mai ɗumi da sukari.

Na_Hanyar_Dirku:
Shayi ma a yi hankali. Ka sha na ɗaya da na biyu da na uku da dare, barci ya gudu, fitsari ya tashe ka sau uku. Duk fita ɗaya ɗumin da ka tara ya tafi. Ni da dare kunu ko ruwan citta.

Almajirin_Malam:
Wani ya yi maganar alwala. Ga wanda bai sani ba, in mutum yana tsoron ruwan sanyi zai sa shi ciwo kuma ba shi da hanyar ɗumama shi, malamai sun yi sauƙi a yi taimama. Amma direba yana da hanya. Ni ina cusa buta kusa da inji in mun tsaya, ko in kwana da ita cikin bargo.

Ɗan_Birni:
Malam, ka dai tabbata butar ba ta yoyo, kar a tashi da safe a yi maka wata fassarar.

Sarkin_Gudu_Zango:
To ni dai na ji maganar gawayi, na bari. Amma termosta ba zan mayar ba. In sanyi ya yi yawa, kwali nake sakawa gaban radiyato in rufe rabinsa, allura ta hau, shofaj ya kawo. Rana ta fito in cire.

Kanike_Garin_Malam:
Wato ka cire ta ƙarfe ka sa ta kwali. Ranar da ka manta ba ka cire ba kana hawan tudu da tan talatin, ka kira ni, lambata ba ta canza ba.

Direban_Tanut:
Jama'a ga yadda aka yi. Yau da safe na kai motar gareji. Maigida Kanike ya yi gaskiya har biyu: babu termosta, kuma tiyon nan biyu an haɗe su da guntun ƙarfe, ɗan radiyaton ma ya huje. Na kira mai mota na karanta masa lissafin Alhaji. Ya yarda a sa termosta, amma ɗan radiyaton ya ce sai an samo na hannu, don sai an kwance tabulo gaba ɗaya, yini guda ne. Hitar kwana kuwa mun ɗaga gado mun ga gurbinta kawai, an riga an cire tun kafin motar ta zo hannunmu. Kenan wannan tafiyar ma babu shofaj. Na sayi bargo biyu, ɗaya na yaron, da huluna. Bidon ina da su. Murhun shayi zai kwana a akwatin waje.

Mai_Siterni, kwalin nan na gilashin gaba, guda ɗaya kake samu mai faɗin ko haɗawa kake? Na zaga ban ga babba ba.

Mai_Siterni:
Je wurin masu sayar da firij da talabijin, kwalin firij guda ya isa gaba, ragowar ka yi na gefe. Ka yanka ya ɗan fi gilas ɗin kaɗan don ya maƙale da kansa. Gefen da kake kwana ka bar 'yar kafa a sama.

Na_Hanyar_Dirku:
Wace rana za ka taso? In Asabar ce mu haɗu a Tanut mu hau tare, ina da tayar da zan ara maka har Agadas.

Direban_Tanut:
Asabar ce in sha Allah, bayan azahar, in an gama lodi da wuri.